Sanarwar da Malam Ya Karanta

Litinin, da hantsi

Yau ma Yaya bai zo ba. Na fitar da kujerun nan biyu ƙofar gida kamar kullum, na dafa shayi na mutum biyu, ya huce na mayar da shi buta. Tun da Malam ya yi ritaya daga gidan rediyo, Yaya kuma ya bar ma'aikatar ruwa, ba na tuna safiyar da rana ta ɗaga ba su zauna wurin nan suna gardama ba. Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma idan suka haɗu da mijina sai in zama bare. Yana kiran Malam rediyo mai jini, Malam yana ce masa famfo ba ruwa, haka za su yi ta yi har rana ta kore su.

Malam ya leƙo, ya ga kujerar, ya koma ɗaki. Rabonsa da magana mai tsawo har na manta. Ni kuma bakina ba ya iya zama haka, keken ɗinki kuwa ba ya amsawa, shi ya sa na koma rubutu.

Talata, da yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, ko na daina maimaita shi a kaina.

Wani mutum ne ya zo, tsaf da shi, ƙamshin turarensa ya riga sallamarsa shigowa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam. Ya ce da muryar Malam suka girma, idan ya fara sanarwa uwarsu takan hana kowa motsi. Ya ce suna da wani kwamiti mai taimaka wa 'yan fansho, a mayar da kuɗinsu sabon tsari, abin da ake biyansu a wata ya ƙaru, tsohon bashinsu kuma ya fito. Abu ɗaya suka rasa, muryar da tsofaffi suka yarda da ita. Sai ya zaro takarda.

Malam ya juyo ya ce in kawo masa ruwan ɗumi. Tun ranar da ya bar aiki ban ƙara jin wannan umarnin ba, don shi ne abin da yake sha kafin ya shiga karanta sanarwa. Har da gudu na ɗora ruwan.

Abin da mutane ba su sani ba ke nan game da aikinsa. A gidan rediyo, kafin takarda ta iso gabansa sai ta bi ta ofishin da ake bincika wanda ya kawo ta, a buga mata hatimi. Shi nasa karatu ne kawai: ina za a ja numfashi, ina za a dakata, wace kalma za a danna. Ya sha gaya min yana alfahari cewa yakan karanta sanarwa ya fito, a tambaye shi me ta ƙunsa ya kasa faɗa. A ranar ma haka ya yi. Ya ɗauki biro ya yi ɗige-ɗigen numfashinsa, har ya gyara wa mutumin wata jimla da ya ce ta yi nauyi a baki. Ya buɗe da gaisuwarsa ta da, masu saurare ku matso kusa, ya karanta tiryan-tiryan, mutumin yana naɗa a wayarsa. Ofishin hatimi dai babu shi a falonmu, ni ce kawai a tsaye da kofi ina washe baki.

Kwalbar turare aka ba shi tukuici. Yinin ranar Malam yana tafiya kamar an cire masa shekara goma.

Sanarwar cewa take a kira wata lamba. Idan ka kira, za ka ga wasu lambobi sun shigo wayarka, sai ka karanta musu. Shi ke nan. Ashe lambobin nan su ne mabuɗin asusun mutum.

Yaya bai daɗe da karɓar garatutinsa ba, bayan jiran da ya kusa kai shi kabari. Ya riga ya yi magana da kafinta za a sake masa rufin gida kafin damina. Ya je banki cire kuɗin kwano, yarinyar da ke kan kanta ta juyo masa da fuskar na'ura ya gani da idonsa.

Yadda saƙon ya isa wayar Yaya kuwa... baƙin zarena ya ƙare, bari in je saye kafin a rufe shago.

Laraba, da safe

Yaya bai zo ba.

Alhamis, bayan azahar

Na matsa wa Malam ya raka ni kasuwa, don zaman ɗaki zai ruɓar da shi. A can na gane abin da yake yi.

Shi dai mutum ne da gari ya san muryarsa, amma ba a san fuskarsa ba. Da can abin dariya ne a wurinmu. Sai mu shiga mota, ba mai kallonsa, da ya ce wa direba a sauke mu sai kowa ya waiwayo. Akwai ranar da mai nama ya ƙi karɓar kuɗinsa, ya ce sai dai ya yi masa sanarwar ɓatan akuya ya ji.

Yau da yatsa ya yi ciniki. Ya nuna albasa, ya ɗaga yatsu, ya girgiza kai, ya biya. Mai kayan miya ta dube ni da tausayi ta tambaya ko kurma ne. Na ce a'a, maƙogwaro ne. A kusa da mu wasu dattawa biyu suna maganar saƙon, ɗaya yana cewa in ya ga mai muryar nan sai ya shaƙe shi da hannunsa. Malam yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi yana zaɓen tumatir.

Muddin bakinsa a rufe yake, ba abin da zai same shi. Ya gane haka tun kafin ni, kuma na ga alama ya shirya zama a hakan har abada.

Asabar, da la'asar

Mun je wurin 'yan sanda. 'Yarmu Auta ce ta dage ta waya, ta ce in ba mu kai kanmu ba za a zo a ɗauke mu.

Wanda ke kan tebur yana rubutu kansa a sunkuye, da Malam ya fara bayani sai biro ya tsaya. Ya ɗago, fuskarsa ta washe. Ya kira abokan aikinsa, ya ce su zo su ga wanda ya zo. Sai ya roƙi Malam ya ɗan yi musu gaisuwar nan tasa. Malam ya dube ni. Ɗan sanda ne ya roƙa, ya za a yi? Ya yi musu. Suka yi ta dariyar jin daɗi, ɗaya ya ce wallahi sak, kamar a rediyo.

Daga baya aka gaya mana lambar a kashe take wani lokaci, wani lokaci a kunne, kuma ana bincike. Aka ce kada Malam ya yi nisa da gari. Ina zai je? Mutumin da ko ƙofar gida ba ya fita.

Muka dawo gida. Ƙafafuna sun kumbura.

Lahadi, da hantsi

Auta ta kira. Ta yi min karatu mai tsawo: babu ofishin fansho ko banki da zai kira mutum ya nemi lambar da ta shigo wayarsa, duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗinka nasa yake son ninkawa, mai neman haƙƙinsa ya taka da ƙafarsa ya je ofis. Na ce to, malama, ina kika ajiye wannan ilimin watan jiya? Ta ce ai ba wanda ya tambaye ta. Gaskiyarta. Mu da muka haife ta, ta ina za mu tambaye ta?

Ta ce mu rufe gidan mu koma wurinsu har ƙura ta lafa. Na gaya wa Malam. Ya ɗaga kafaɗa, wato yadda na ga dama.

Talata, da yamma

Jiya na je gidan rediyo ni kaɗai, ban gaya masa ba. Shugaban wurin yanzu, Malam ne ya koya masa aiki. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo min ruwa mai sanyi. Na roƙe shi ya ba Malam fili ko na minti kaɗan ne, ya gaya wa mutane kada su kira lambar nan. Ya yi ta juya biro. Ya ce an ba su shawara kada muryar ta sake fita ta gidansu, amma za su yi tasu sanarwar.

Yau suka yi ta. Wani matashi ya karanta cewa muryar da ke yawo ta wani tsohon ma'aikacinsu ce da ya daɗe da barin aiki, ba ruwan gidan da ita. Ko sunan lambar sirri bai fito ba, balle a ce wa mutane su kiyaye. Wanke kansu kawai suka yi.

Malam yana kwance ya ba bango fuska, na ɗauka barci yake. Da aka gama sai na ji ya ce, a hankali, "Ya ja numfashi a tsakiyar jimla."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Daga nan ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Laraba, da safe

Kujera ɗaya na fitar. Sai na ga ta fi muni, na koma na ɗauko ɗayar.

Juma'a, da yamma

Na je gidan Yaya. Na daɗe ina ɗaura mayafi ina kwancewa, yau dai na rufe ido na tafi.

Ba ya nan, ko kuma yana ciki, ban sani ba. Takalmansa dai suna bakin ƙofa. Matarsa ta shimfiɗa min tabarma, muka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a asibiti. A tsakar gida ga katakon da kafinta ya fara kawowa a jingine, rana ta fara lanƙwasa shi. Ta ce ya zo zai kwashe abinsa, Yaya ya roƙe shi ya ɗan ƙara haƙuri, ko me yake jira oho.

Na fara kare Malam. Na ce shi ma cutarsa aka yi, ko sisi bai ci ba, kwalbar turare ce kawai. Na ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ɓarawo yana can yana shan iska an bar mai karatu da zagi. Na yi ta zuba, ta bar ni har na gaji.

Sai ta shiga ɗaki ta fito da wayar Yaya. Ta buɗe saƙon, ta riƙe min shi a gaban ido.

"Ƙarama," ta ce, don haka gidanmu suke kirana, "karanta min sunan wanda ya turo."

Ban karɓi wayar ba. A ƙarƙashin saƙon har da abin da na rubuta, wai Yaya ji surukinka ya dawo aiki, maza ka kira kafin a cika.

Ta ce shi bai taɓa kama sunana a maganar ba, ko a gabanta. Ta ce cewa ya yi da daga wani wuri saƙon ya zo, da sai ya tambayi surukinsa tukuna.

Na dawo a ƙasa, ban hau mota ba. Akwai rigar mutane da na yi alkawarin gamawa gobe, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai na farke.

Asabar, da azahar

Na goge saƙon daga wayata. Gogewar ba ta kai wayar kowa ba.

Kwalbar turaren tana kan kabad tun ranar. Ba wanda ya taɓa ta, amma ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin mutumin. Na ɗauka zan jefa a shara, Malam ya riƙe hannuna ya mayar da ita wurinta. Ban tambaye shi dalili ba. Na gaji da tambayar da ba amsa.

Lahadi, da safe

Hadari ya haɗu ya watse. Yaya bai zo ba.

Litinin, da azahar

Na je asibiti karɓar maganin hawan jini. Muna zaune a benci muna jira, sai na ji mijina yana magana.

Na waiwaya da sauri. Wani dattijo ne, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya, ya kunna saƙon yana nuna wa na kusa da shi. Masu saurare ku matso kusa. Muryar Malam ta cika barandar, lafiyayya, cike da natsuwa, irin wadda ban ji a gidana ba tun da abin ya faru. Dattijon yana gyaɗa kai. Ya ce jikansa ne ya turo masa jiya, da ya koma gida zai kira, don shekarunsa da yawa yana bin bashin fansho.

Na matsa na ce, Baba don Allah kada ka kira, 'yan damfara ne, asusunka za su kwashe. Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce ya ji ana faɗin haka, amma ai mahassada ba sa ƙarewa, duk abin alherin da ya zo wa talaka sai an ɓata shi.

"Baiwar Allah," ya ce, "muryar nan ita ta sanar da rasuwar mahaifiyata. Ita ta kira sunana ranar da aka ɗauke ni aiki. Ke wace ce?"

Amsar tana bakina. Matarsa ce ni, ni na dafa ruwan. Na dubi mutanen da ke benci, duk sun zuba min ido, sai na ji harshena ya yi nauyi. Nan nas ta kira ni, na tashi na shiga kamar an cece ni. Da na fito ba ya wurin.

Ina zagin Malam a zuci saboda ya yi ciniki da yatsa, ga shi ni ma na yi.

Litinin, bayan la'asar

Na same shi zaune a bakin gado, na rufe ƙofa, na gaya masa duka: tabarau, zare, jika, rasuwar mahaifiya. Ban sassauta ba. Na ce kai ka yi shiru, amma muryarka ba ta yi ritaya ba, tana can tana shiga gidajen mutane tana kwashe musu guzurin tsufa, kai kana nan kana gadin kwalbar turare.

Sai ya tambaye ni:

"In na buɗe baki yanzu, wa zai yarda da ni?"

Na ce, "Malam, ai abin da ake nema ke nan. Su daina yarda."

Ya kalle ni kamar na mare shi. Wataƙila marin ne. Abin da ya tara ke nan a duniya, ba gida na biyu, ba gona, sai dai idan ya yi magana a yarda. Ni kuma na ce ya je ya rusa da kansa. Na fita na bar shi, na zauna a keke ban ɗinka komai ba.

Laraba, da safe

An yi ruwa jiya, na farko, mai ƙarfi. Ina jin sa a kan rufinmu ina lissafin inda matar Yaya za ta jera bokitai.

Alhamis, da yamma

Ya tambaye ni yaushe wata zai ƙare. Na ce gobe ake fara biya. Ya ce in goge masa babbar rigarsa, in kuma nemo filas ɗin nan da yake zuwa da shi aiki.

Na same shi a bayan kabad, murfin ya tsage, na ɗaure da tsumma.

Juma'a, bayan la'asar

Bari in rubuta kafin abin ya dagule min.

Ranar biya, 'yan fansho tun da sassafe suke layi a bankin da ke babban titi. Layin ya bi jikin katanga ya lanƙwasa, wasu a kan benci, wasu a kan dutse, wasu a tsaye sun dogara da sanda, kowa da 'yar jakarsa a hammata. Muka sauka a tsallake. Malam ya tsaya a bakin titi har motoci suka yi ta wucewa, ni ina riƙe da filas. Na ɗauka zai ce mu koma, kuma da ya ce haka da ban yi musu ba. Sai ya miƙo hannu, na zuba masa, ya kurɓa, ya tsallaka.

Ya tsaya a gaban layin, ba wanda ya kula shi. Tsoho ne cikin tsofaffi. Ya gyara murya.

"Masu saurare, ku matso kusa."

Mutane suka fara duba aljihunsu, kowa yana zaton wayarsa ce. Wata tsohuwa ta ce wa na gabanta ya kashe abin nan na ɓarayi. Sai ya sake faɗa. A hankali kawuna suka juyo, na ji wani ya ce shi ne, maganar ta bi layin har ƙarshe.

Ban taɓa ganin Malam ya yi magana ga jama'a ba takarda ba, sai yau. Ya yi ta tuntuɓe. Ya ce muryar da ke wayoyinsu tasa ce, shi ya karanta, bai bincika ba. Ya ce babu kwamiti, babu sabon tsari, ɓarayi ne. Ya ce lambar da ke shigowa waya kamar makullin ɗaki ce, ba a ba kowa, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake, ko daga ofishin fansho. Ya ja numfashi a tsakiyar jimla ya fi a ƙirga.

Ba su bar shi ya yi nisa ba. Hayaniya ta tashi. Wani dogo ya fito daga layi ya cakumi wuyan rigarsa yana tambayar ina kuɗin maganin matarsa. Wata ta jefo takalmi, ya same ni a kafaɗa. Wani kuma kuka kawai yake yi, shi ya fi tsaya min a rai. Mai gadi ya taso yana kaɗa sanda. Malam bai kare kansa ba, yana ta magana a cikin hannun dogon, amma ba mai jin abin da yake faɗa.

Sai na ga hular da na sani. Ban san Yaya yana layin ba, ko da yake ina zai kasance ranar biya? Ya rame. Ya tako a hankali, ya ɗora hannu a kan hannun dogon har ya saki. Ya juya ga mutane ya ce rufin gidansa yana aljihun ɓarayin nan, daren da aka yi ruwa a zaune iyalinsa suka kwana, kuma wannan mutumin mijin ƙanwarsa ne. In akwai wanda ya fi shi haƙƙin marinsa ya fito, in babu a saurara.

Ba wanda ya fito. Yaya bai dubi Malam ba, ya dubi ƙarshen layi, can inda ya lanƙwasa.

"Rediyo," ya ce, "ɗaga murya. Na baya ba sa ji."

Malam ya ɗaga. Ya maimaita komai daga farko. Ya ce duk wanda aka yi wa alkawarin ninka masa kuɗi ko fito masa da bashinsa ta waya, ya kashe wayar ya taka zuwa ofis, ya tambayi 'ya'yansa, ba abin kunya ba ne. A ƙarshe ya ce daga yau duk inda suka ji muryarsa tana maganar kuɗi, kada su yarda da ita, ko da shi ne. A nan muryar ta karye, amma ya kai ƙarshen jimlar.

Wata dattijuwa ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta, ta ce ita jiya da yamma ta karanta musu lambar. Mai gadin nan da ya zo korarmu shi ya kama hannunta ya shige da ita ciki ba tare da bin layi ba, ba wanda ya yi ƙorafi. Ban san ko an riski wani abu ba.

Na bi layin da ido har ƙarshe ina neman tabarau mai zare. Ba ya ciki.

Yaya ya koma wurinsa a layi. Na tsaya kusa da shi na gaishe shi, ya amsa wa katanga. Muka dawo gida, wuyan rigar Malam a yage. Yanzu gari ya san fuskarsa. Mai kayan miya ma za ta san ba kurma ba ne.

Asabar, da hantsi

Muryarsa ta dushe. Ya ce akwai wasu bankunan, kuma ana biya har mako mai zuwa. Na ɗinke wuyan rigar. Na gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa. Kuɗin Yaya dai ba za su dawo ba, kowa ya sani, ba mai faɗa.

Kwalbar turare ba ta kan kabad. Ban tambaya ba.

Litinin, da safe

Ina fitar da kujeru na gan shi a tsaye a ƙofar gida, hularsa da danshin ruwan daren jiya. Na ce Yaya sannu da zuwa, ga kujera. Bai zauna ba. Ya ɗaga murya ta saman kaina ya tambayi Malam wane banki ne yau, ya ce ya yi sauri kafin layi ya watse.

Malam ya fito yana gyara hula. Ba rediyo mai jini, ba famfo ba ruwa, suka kama hanya kamar waɗanda aka haɗa aiki. Sun kusa shan kwana na tuna filas, na bi su da gudu ba takalmi.

Malam na miƙa wa. Yaya ne ya juyo. Bai kalle ni ba, amma daga hannuna ya karɓa.